Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Teloli, Gabanin Ƙaramar Sallah

Ya ku ma'abota keke da almakashi, maƙasudin wannan takarda nasiha ce a kan abubuwa uku da kan kuɓuce muku idan azumi ya shiga goman ƙarshe, wato lokaci da barci da natsuwa.

Haƙiƙa tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya auna, amma yakan karɓi kafin alƙalami bai auna kwanakinsa ba. Tun da alkawari amana ne, wajibi ne kowa ya san kaftani nawa hannunsa ke gamawa a yini, ya rubuta ranar bayarwa a littafin awo, gefen sunan mai kaya, sa'an nan idan kwanakin suka cika ya daure ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, na rufe karɓa."

Game da barci kuwa, likitoci sun yi ittifaƙi cewa baligi na bukatar aƙalla awa 7 a kwana. Wanda ya jera darare a kan keke, ko da yana jin kansa garau, gafala na nan tafe, har ya ɓata yadin mutane ko allura ta shige masa yatsa. Goro da shayi da kofi ɓoye gajiya suke yi, ba sa kawar da ita, alhali rabin ƙarfinsu yana nan a jiki bayan kamar awa 5, shi ya sa mai shansu da tsakar dare kan kwanta ido biyu. Ƙailular minti 20, da agogo a saite, ta fi su albarka. Amma tiramadol, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin Nijeriya ta haramta shigo da shi da sarrafa shi a 2018, ina roƙonku don Allah ku nisance su, ku kuma tsare yaranku na shago.

Ita natsuwa, salloli biyar sun riga sun raba muku yini: ku yi yanka da hantsi, lokacin da hankali ke tare, ku bar sa maɓalli da guga zuwa bayan la'asar, waya kuma ta zauna a aljihun tebur, a riƙa duba ta bayan kowace salla. Wanda rashin barci ko tarwatsewar hankali ya zame masa jiki, makonni suna wucewa, to wannan lalura ce, ba lalaci ba, kuma neman likita a kanta ba abin kunya ba ne.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya ba ku ikon cika alkawari cikin ƙoshin lafiya. Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku mai nasiha