Karon mota a filin ajiya: Wa doka ta ɗora wa alhakin biyan ɓarna?

Tun daga 1 ga Fabrairun 2025, lokacin da rundunar 'yan sandan Najeriya ta fara tilasta mallakar inshorar mota mai biyan ɓarnar da aka yi wa wani, ma'aikata da dama a Abuja suka yanki takardar, suka cusa ta a aljihun mota saboda shingen bincike. Kaɗan ne ke tunawa da ita ranar da aka murje musu ƙofa a harabar Sakatariyar Tarayya ko a filin kasuwar Wuse.

Abin da aka saba ji a irin wannan wuri shi ne, tunda ba a kan titi abin ya faru ba, babu ruwan hukuma, sai dai sulhu. Wannan fahimta gurguwa ce. Alhakin ɓarna yana rataye ne a wuyan wanda ya yi sakaci, ko a ina aka yi karon. Direban da ya ja da baya bai duba ba, ko ya buge motar da ke tsaye, da wuya ya sami madafa a kotu.

Allon nan da ke cewa mai mota ya ajiye ta bisa kasadar kansa ya ƙara dagula lamarin. Masu filaye kan jingina da hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 a shari'ar Anyah da otal ɗin Imo Concorde na Owerri, inda kotun ta ƙi ɗora wa otal ɗin alhakin motar da aka sace a harabarsa. To amma wannan kariya ta mai fili ce. Ba ta wanke direban da ya fasa maka fitila ba.

A Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar motocin gida daga N5,000 zuwa N15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar wanda aka buge ake gyarawa da kuɗin, ban da ta mai laifin. Sai dai sulhun gaggawa yakan rushe wannan dama, domin kamfanonin inshora sukan shardanta a sanar da su da wuri, kuma kada a amsa laifi ba da saninsu ba. Wanda ya ce "ni zan gyara", ya ja ɗan'uwansa zuwa wurin fanel bita a Apo, ya zaɓi biya daga albashinsa ke nan. Hoton motocin kafin a motsa su, da sunan maigadin da ya gani, da rahoton 'yan sanda, sun fi doguwar muhawara amfani.

Inda lamarin ya fi tsauri shi ne idan motar gwamnati ce ta yi ɓarnar. A ƙa'ida, ma'aikatar da direban ke yi wa aiki tana ɗaukar alhaki muddin yana bakin aikinsa. Amma dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara a galibin irin waɗannan shari'o'i. Hadimin da ake ta ce masa fayil na teburin darakta zai iya wayar gari wa'adin ya wuce, motarsa kuma tana nan a lotse.