Robar Fitsari Bayan Gashin Ciwon Daji: Kada a Rage Shan Ruwa

A wannan wata za mu taɓa wata magana da ba a cika yi a bainar jama'a ba, alhali tana nan cikin gidajenmu a Nima da Mamobi da Sabon Zango, watau halin da mutum ke shiga in an yi masa gashin ciwon daji, aka sallamo shi gida da robar fitsari a jiki.

Tun 1997 ake yin wannan gashi a asibitin Korle Bu, sa'ad da aka buɗe cibiyarsa da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Asibitin Komfo Anokye na Kumasi ya samu tasa a 2004. To, in a mara aka yi gashin, ko don ciwon bakin mahaifa a mata, ko don ciwon furostet a maza, hasken yakan taɓa mafitsara, cikinta ya yi jaye-jaye kamar ƙuna. Ga yawancin mutane abin yakan lafa cikin 'yan makonni bayan an gama, wasu kuwa sai bayan watanni ko shekaru yake taso musu.

Ita robar, akwai 'yar balan-balan a bakinta wadda ake cika wa ruwa kamar mililita 10, ita ke riƙe ta a ciki. Mafitsarar da ta riga ta ji rauni sai ta ga baƙo, ta dinga matsawa don ta fitar da shi. Wannan ita ce murɗawar da marar lafiya ke ji, kamar fitsari ya matse shi ƙwarai, wani lokaci har fitsarin ya ɓullo ta gefen robar ya jiƙa tufafi. Duk yadda ta kai, kada a ja robar, kada a yi nishi. Janta da balan-balan a cike yana yaga hanyar fitsari.

Abin da ya fi damuna shi ne dabarar da tsofaffinmu kan yi a ɓoye. Mutum ya ga a gidan haya yake, bayan gida ɗaya ga mutum ashirin, ko kuwa sai an je na kuɗi a bakin titi, ga kunyar surukai da jikoki, sai ya ce bari ya rage shan ruwa don jakar ta daina cika. Wallahi wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. In ruwa ya yi kaɗan fitsari yakan yi kauri, ya ƙara ƙona mafitsara, gurɓi ya toshe robar, murɗawar ta ninka. In dai likita bai taƙaita maka ruwa saboda zuciya ko ƙoda ba, lita ɗaya da rabi zuwa 2 ake so a yini, watau ruwan leda uku ko huɗu, ana kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe. Fitsarin da ke cikin jaka shi ne ma'auni: in ya yi fari-fari an sha isasshe, in ya koma kamar shayi da saura.

Da na ambaci shayi, ataya da kofi da goro duk suna tsokanar mafitsara. Na san raba Alhaji da goro ba ƙaramin aiki ba ne, amma a gwada mako biyu a gani. Taurin bayan gida ma yana kawo murɗawa, domin hanji in ya cika yakan danne mafitsara. Gwanda da lemu da miyar ayoyo ba su fi ƙarfin aljihu ba.

In murɗawar ta taso, a fara duba robar: ta lanƙwashe ne, ko an zauna a kanta? Jakar kullum ta kasance ƙasa da mara, ko a kwance ake, a zubar kafin ta cika, a kuma ɗaure robar a cinya don kada ta dinga jan jiki. A wanke hannu, a wanke wurin da ruwa da sabulu kowace rana, ban da hoda ko man shafawa. Akwai magunguna masu kwantar da mafitsara, irin su oxybutynin, amma suna busar da baki, suna taurara bayan gida, suna iya rikita tsoho, ba su kuma dace da mai wani irin ciwon ido ba. Don haka likita ne zai rubuta, ba mai kemis na bakin layi ba. A riƙe ranar canja roba, domin wata makonni 4 take yi, wata har 12.

Sai batun salla, wanda shi ke sa dattijo ya ƙaurace wa masallaci, a yi ta tambaya ina Baba ya shiga. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da bayanin abin da suke kira salas, watau fitsari mai zuba ba da son mutum ba. In yana zuba kullum ko mafi yawan lokaci ba ya warware alwala, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna an so mai shi ya sabunta alwala kowace salla. Akwai 'yar jakar da ake ɗaurawa a ƙafa, jallabiya ko zane na rufe ta sarai. A zubar kafin a fita, in sujada na jan robar a zauna a kujera. Azumi ma akwai rangwame ga marar lafiya, a tambayi likita da malam tun kafin watan ya kama.

Ku 'ya'ya da matan gida, ga abin da ba a jira gari ya waye a kansa: jaka ta yi awoyi ba ɗigo alhali mara ta kumbura tana ciwo, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko jini mai guda-guda, ko tsoho ya fara sambatu, ko robar ta fita da kanta. A nufi asibitin Mamobi, ko na sojoji na 37, ko Korle Bu, ko da tsakar dare ne, a tafi da katin asibiti da takardun gashin gaba ɗaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.