Makomar Tsohon Layin Dogon Kano: Gado Ko Gwangwan?

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Ɗan Agundi ya dubi badala hagu da dama, zai ga abin da ke samun kayan tarihi idan amfaninsu ya ƙare. Ganuwar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu ta zaizaye, an ci gefenta da gine-gine, kuma tun ƙarshen 2023 hankalin jama'a ya koma kan aikin gadar sama da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a wurin. Akwai wani gadon da ke bin wannan sahu ba tare da an lura ba: tsohon layin dogon da ya ratsa kudancin birni ta Sharaɗa zuwa Calawa.

Layin ya iso Kano daga Baro a 1911, kuma a 1912 aka fara zirga-zirga zuwa Legas. Turawa sun shimfiɗa shi ne da fatan kwasar auduga, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa. Daga nan aka samu dalar gyaɗa, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, da bunƙasar Sabon Gari, sannan reshen Nguru ya biyo baya a 1930. Kasuwancin Kano na zamani a kan wannan ƙarfe ya tashi.

Yau kuwa ido ya koma kan sabon layi. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, da na Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203. Faɗin sabon layin milimita 1,435 ne, na tsohon kuma 1,067, don haka jirgin wannan ba zai hau wancan ba. Ranar da sababbin jirage suka fara aiki, tsohon layi da tasharsa za su rasa ɗan abin da ya rage musu na ciniki. Ko jirgin Legas da aka farfaɗo da shi a Disambar 2012 bai ɗore yadda aka yi fata ba. Layin da jirgi ba ya bi kuwa, ɓarayin ƙarfe da masu cin filaye ne magadansa.

An taɓa ganin haka. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos tun 1914 an rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafansa, yanzu sai labari.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanyar. A Birtaniya, masu sha'awar jirgin ƙasa ne suka karɓi layin Talyllyn a 1951, suka ci gaba da tafiyar da shi da aikin sa-kai da kuɗin tikitin 'yan yawon buɗe ido. A Indiya, UNESCO ta sanya ƙaramin layin Darjeeling cikin kayan tarihin duniya a 1999. A gida ma, an mayar da Gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas wurin adana tarihin jirgin ƙasa, bisa ƙoƙarin wata ƙungiya mai zaman kanta.

Kano na da abin da zai sa irin wannan ya yi kasuwa. A Disambar 2024 UNESCO ta amince da hawan sallar Kano a matsayin gadon al'adu na duniya. Jirgi na musamman da zai ɗauki baƙin sallah da 'yan makaranta daga tsohuwar tasha zuwa Zariya, wadda ita ma ke da hawanta, zai kawo ciniki ga masu otal, da marina, da dukawa, da 'yan Kasuwar Kurmi. Doka ma ta buɗe ƙofa, domin gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa.

Sai dai akwai ƙalubale. Harin 28 ga Maris, 2022 kan jirgin Abuja zuwa Kaduna bai gushe daga zukata ba, kuma gyaran layi da gadoji na cin kuɗi. Wani zai ce a lokacin da abinci ke gagarar talaka, jirgin shaƙatawa ba shi ne abin gaggawa ba. Gaskiya ne, amma matakin farko ba ya buƙatar biliyoyi: Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta ƙididdige tsofaffin injuna da taragai kafin a yi gwanjonsu, a shata iyakar filayen layin, a kuma sanya tashar Kano cikin gine-ginen da doka ta kare.

Sabon layi za a iya gina shi duk lokacin da kuɗi suka samu. Tsohon kuwa, in aka sare shi aka auna a sikelin 'yan gwangwan, ya tafi ke nan.