Gyaran da aka yi tun 2016, ya iso wayarka kuwa?

Akwai saƙon da waya ke aiko mana cewa a sabunta ta, mu ko sai mu danna "sai an jima" don kada mega ta ƙare. Mu duka muna yi, kada wani ya ce ban da shi. To, ga abin da muke turewa.

Wayar Android tana tafiya ne bisa Linux, shi ne zuciyar da ke raba aiki a cikinta. In ka ɗauki hoto ba nan take yake sauka cikin kati ba. Ana aje shi a ma'ajiyar wucin gadi, daga baya a juye. Matsala takan zo in ayyuka biyu suka yi rige-rige kan abu guda. Kamar mai gida ne ya leƙa buhu ya ce an juye hatsi duka cikin rumbu, a daidai lokacin yaro ya ƙara tiya ɗaya ta bayansa. Sai a kakkaɓe buhu, tiyar ta bi ƙasa, ba wanda ya gani. Sau dubu ba ya faruwa, sai rana ɗaya. Shi ya sa gano shi ke da wuya. Gyaransa kuwa galibi makulli ne: wannan ya gama kafin wancan ya taɓa.

Wani irin wannan rige-rigen, da aka sa wa suna Dirty COW, ya kwana cikin Linux tun 2007, ba a toshe shi ba sai Oktoban 2016. Shekara tara! Da shi muguwar manhaja kan iya rubutu inda aka hana ta, ta zama ita ce mai waya. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya ce ya taɓa gwada gyara shi shekaru 11 kafin nan, gyaran bai zauna ba.

Su can sun gyara. Amma tsohuwar wayar hannu-biyu da kamfaninta ya daina aiko mata sabuntawa, ƙofarta na iya zama a buɗe har yau, kuma a cikinta muke karɓar kuɗin da 'yan ci-rani ke turowa gida.

Mu a ganinmu, mai saida waya ya kamata ya nuna wa mai saye ranar gyaran tsaro na ƙarshe, tana nan rubuce cikin saitin waya. In ta nuna kafin ƙarshen 2016, a ji rediyo da ita, a kira 'yan uwa, amma kada a sa asusun kuɗi a ciki.