RA'AYINMU: Kokawar Talabijin da Kokawar Fage

Wanda duk ya taɓa kwana a ɗakunan ɗalibai nan Kalgo ya san cewa, in an ɗebe gardamar ƙwallon ƙafa, babu wadda ta kai ta kokawar Turawa zafi, watau wadda samari ke kira restilin. Da an idar da sallar isha'i sai ka ga an yi gungu a kan wayar mutum guda, wannan na cewa wane zai dawo fage, wancan na rantsuwa wane ya bar kamfaninsa ya koma na kishiya, wani kuma yana faɗin ai shi ya gani a intanet an riga an zaɓi wanda za a ɗaura wa ɗamara. 'Yan'uwanmu ƙananan ma'aikata na Birnin Kebbi da na Gwandu su ma haka abin yake gare su in an tashi aiki. Mun daɗe muna sauraron wannan gardama, wani lokaci ma da mu a ciki, muka ga ya kamata mujallar nan ta ce wani abu a kanta.

Lalle shekarar 2025 ta ba masu gardamar abin taunawa. A watan Janairu kamfanin WWE na Amurka ya mai da babban shirinsa na mako-mako, watau Raw, zuwa Netflix, bisa yarjejeniyar shekara 10 wadda kuɗinta ya haura dala biliyan 5. A watan Afrilu John Cena ya ka da Cody Rhodes a birnin Las Vegas, ya ɗauki ɗamarar duniya karo na 17, abin da ba wanda ya taɓa yi a lissafin kamfanin. Ran 24 ga Yuli Hulk Hogan, wanda iyayenmu suka sani tun zamanin kaset ɗin bidiyo, ya mutu yana da shekara 71. A watan Satumba aka ba da sanarwar cewa babban bikinsu, WrestleMania, za a yi na 2027 a birnin Riyadh na Saudiyya. Sa'an nan ran 13 ga Disamba Cena ya yi wasansa na bankwana a Washington, Gunther ya yi galaba a kansa. Mu ma Nijeriya muna da rabo a cikin labarin, don kuwa a farkon shekarar 2025 ne Oba Femi, ɗan Legas wanda ya fara da wasan jifan dalma, ya ci ɗamarar NXT.

To, waɗannan su ne labarai. Amma jita-jitar da ake ɗorawa a kansu ta ninka su, kuma a nan ne muke so mai karatu ya ɗan dakata. Ba asiri ba ne cewa kafin a shiga fagen nan an riga an rubuta wanda zai yi kaye da wanda za a kayar. Ba mu ne muka ƙaga wannan magana ba: a 1989 kamfanin da kansa ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne ba gasa ba, domin ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Tun da haka ne, jita-jita ba ɓarna ba ce ga masu sana'ar, haja ce. In an ce wane zai dawo, sai a sayi tikiti. In an ce wane ya yi fushi da shugabanni, sai a kwana ana buɗe waya. Ɗalibin da ya ƙarar da kuɗin datarsa yana bin diddigin maganar, yana tsammani shi ne ya leƙo sirri, alhali kuwa shi ne kasuwar. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kada a ɗauka muna raina mutanen. Wanda ya faɗo daga tsani ya bugi ƙasa, ƙashinsa bai san an rubuta wasan ba. A 1999 Owen Hart ya faɗo daga rufin zauren wasa a Kansas City ya mutu. Kuma ƙasar nan tana da tarihi a cikin sana'ar tun kafin a haifi mafi yawanmu: marigayi Michael Okpala, wanda aka fi sani da Power Mike, ya cika filayen wasa a shekarun 1970, har yara suka riƙa sa wa kansu sunansa. Wanda ke son kallo ya yi kallonsa, ba mu da ta cewa. Wasan kwaikwayo ne mai tsada, mu ma muna da namu 'yan wasan kwaikwayon, ba mu kuwa taɓa cewa a daina kallonsu ba.

Abin da ya dame mu daban ne. Ka tambayi saurayin nan da ya haddace sunayen zakarun Amurka na shekara 20 ya faɗa maka wanda ya gagara kaye a gundumarsu kakar bara, sai ka ga yana sosa ƙeya. Alhali kuwa shi ɗan ƙasar kokawa ne. A wannan yanki namu, da an yanke gero an ɗaure damma, hannu ya samu ɗan abin kashewa, sai ganga ta tashi. Samarin gari su gayyaci na maƙwabta, a share fage a zuba yashi, ɗan kokawa ya fito da warkinsa da gurayensa yana kirari, makaɗi na zuga shi da sunan ubansa da na garinsu. A nan babu marubuci. In ka yi sake aka yi maka taɗiya, ko aka ɗaga ka aka nana da ƙasa, to ka faɗi ke nan a gaban 'yan garinku da budurwarka, sai kuma wata kaka in da rai. Wanda ya taɓa jin shirun da kan sauka a fage sa'ad da manya biyu suka sunkuya suna neman kamu, da ihun da kan biyo bayan kaye, ya san ba fitilar lantarki ce ke sa wasa daɗi ba. Jihar Kebbi kuwa ba a nan kaɗai take da wannan gado ba. Kokawar Dakarkari ta ƙasar Zuru sananniya ce, kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba ya cika sai da kokawa da dambe.

Wani zai ce ai wannan wasan ƙauye ne, ba ya shiga tsarin zamani. Amsarsa tana nan kusa, ba sai an haye teku ba. In ka bi hanyar Kamba ka tsallaka iyaka, ka shiga jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, mutane ne masu harshe irin namu da noma irin namu. A 1975, zamanin Seyni Kountché, gwamnatin Nijar ta kafa gasar kokawa ta ƙasa, aka yi ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zo na ɗaya. Gasar nan ita ce ake kira ta takobi. Kowace jiha daga cikin 8 takan zo da 'yan kokawa 10, watau mutum 80 ke nan, a yi kwanaki ana fafatawa har a bar mutum ɗaya a tsaye, a miƙa masa takobi da doki da kuɗi. Ana zagayawa da ita jiha-jiha, rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa ta kai tsaye, kasuwa ta yi shiru sa'ad da ake karon ƙarshe. Fagen kokawa na Maraɗi sunan Kantu aka sa masa, na Dosso kuwa sunan Salma Ɗan Rani. Yaron Dosso ya san Isaka Isaka, wanda ya ɗauki takobin sau da dama, kamar yadda namu yaron ya san Cena. Bambancin kawai shi ne na Dosso yana iya ganin gwaninsa a kasuwa, yana kuma iya sa ran wata rana ya gaje shi. Abin da Nijar ta ƙara a kan abin da muke da shi bai wuce abu uku ba: doka rubutacciya, rana tsayayya, da littafin da ake rubuta sunan wanda ya ci. A watan Maris na 2025 an yi gasar kokawar gargajiya ta ƙasashen ECOWAS a Abuja. Muna so mu san ɗalibai nawa ne a cikinmu suka ko ji labarinta, a watan da kowa ke gardamar abin da Cena ya yi wa Cody Rhodes.

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba, tun da Gwandu muke zance. Garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, nan hubbarensa yake, kuma mutanensa ba su ɗauki sha'anin addini da wasa ba. Dattawa da yawa in sun ji an ce kokawa, abin da ke zo musu a rai shi ne cuɗanyar maza da mata har tsakar dare, da tsiraici, da layu da surkulle da ake dogara gare su, da barin salla. Ba mu ce ƙarya suke yi ba, duk mun gani. Amma a lura, duk abin da aka lissafa ɗin nan kewaye yake da kokawa, ba shi ne kokawar ba. Malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Ashe ke nan gyara ake bukata. A yi wasa tsakanin la'asar da magariba, a ware wa mata wurinsu, a sa wandon da ya rufe al'aura, a hana shiga fage da abin da zai cuci abokin karo. Abin mamaki ma shi ne, yaron da aka hana zuwa fage saboda tsiraici, shi ne ke kwana da waya a hannu yana kallon wanda ya fi shi muni, ba kuwa mai ganinsa.

Tsoro na biyu namu ne, mu masu wannan kira. Kuɗi in ya shiga wasa yakan shigo da jama'arsa. A Senegal kokawa ta zama babbar sana'a, manyan 'yan wasa na karɓar miliyoyin sefa a karo guda, har aka gina mata katafaren fage a Pikine a 2018. Amma tare da kuɗin an sha fama da rigimar magoya baya. Nan gida kuma shagunan caca sun riga sun cika unguwanni. Ran da ɗan kokawa ya gane faɗuwa ta fi kaye riba, ran nan mun koma restilin, sai dai namu ba albashi ba asibiti. Saboda haka duk wanda zai tsara gasa ya fara da alƙalai amintattu, da hukunci mai tsanani ga wanda ya sayar da karo, tun kafin ya yi maganar kyauta.

Ga abin da muke nema. Muna kira ga Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai da ta sa kokawar gargajiya cikin makon wasanni, da kasonta na kuɗi a rubuce kamar yadda ake yi wa ƙwallo, ba a matsayin abin nishaɗantar da baƙi ranar al'adu ba. Ba ta bukatar komai mai yawa: tifar yashi, buhunan da za a kewaye fage, alƙali, da ma'aikacin lafiya a gefe. A raba 'yan wasa bisa nauyi don kada a haɗa ƙato da siririn yaro a karya shi. In an yi shekara guda abin ya zauna, sai a kai goron gayyata ga samarin Kalgo da Diggi, da na Gwandu da Kambaza da Dalijan, su zo su gwada mu. Muna kyautata zaton za su kayar da mu, kuma hakan zai yi wa wasunmu amfani, don tun da aka kafa jami'ar nan a 2013 abin da ya fi haɗa ɗalibi da ɗan gari shi ne cinikin kasuwa da kuɗin haya.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu kama aiki a ƙananan hukumomi da ma'aikatun jiha, takardar da shugaba ke sa wa hannu ku ne kuke rubuta ta. In lokacin tsara kasafi ya zo, layi guda ne za ku ƙara a ƙarƙashin wasanni: gasar kaka tsakanin gundumomi, da ɗan tanadi na jinyar wanda ya ji rauni. Wannan na biyun shi ya fi muhimmanci. Ɗan kokawa manomi ne, da kafaɗar da yake kaye da ita yake huɗa; in ta goce a watan Disamba ba a gyara ba, gidansa ne zai ji a jika da damina. Iyayenmu sarakuna da hakimai kuwa, albarkarsu ake nema, don fagen da hakimi ya zauna a cikinsa ba a yin ashar.

Mu ma ba za mu tsaya ga faɗa wa wasu aikinsu ba. Sunayen gwanayen dā suna nan a bakin makaɗa da tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ba don Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa ba, da yau 'yan ƙalilan ne za su san an yi wani ɗan dambe mai wannan suna. Daga fitowa ta gaba mujallar nan za ta keɓe shafi guda domin wannan aiki. Duk ɗalibin da zai je gida hutu, muna roƙonsa ya zauna da wani dattijo ko makaɗin garinsu, ya rubuto mana sunan ɗan kokawar da ya yi tashe, da garinsa, da zamanin wane hakimi ya yi wasa, da waɗanda ya kara da su, da yadda aka yi ya bar fage. A rubuta da Hausa, a sa sunan wanda ya ba da labarin in ya yarda, a kawo ofishin ƙungiya a makon farko na komawa karatu.