Kafin Ku Sayi Alƙalamin Katako

Zangon ƙarshe na shekara ya kawo jiki, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke karo-karo don saya wa malamai kyauta, iyaye kuma ke neman abin da za su ba yaron da ya kammala. Cikin kayan da ake tallatawa akwai alƙalamin katako na aikin hannu. Yana ɗaukar ido, kuma kuɗinsa ya ninka na biro sau da yawa. Don haka bari mu duba yadda ake zaɓensa, kada kuɗin aji ya tafi a kyan ɗan maciji.

Ga yadda ake yin sa. Masassaƙi yakan ɗauki guntun katako mai tsawon kamar santimita 13, ya huda tsakiyarsa, ya manna siririn bututun tagulla a ciki. Daga nan ya ɗora shi a injin da ke juyawa, ya fiƙe, ya goge, ya shafa masa man sheƙi. Ƙarfen baki da bututun tawada kuwa daga masana'anta suke zuwa. Wato katakon riga ce kawai, na ciki shi ke rubutu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san haka: idan an fiƙe alƙalamin gamba, bakinsa ake fara gwadawa. To a nan ma ku fara da baki, ku ƙare da itace.

Baki iri uku ne. Na farko shi ne biro, wanda ya samo sunansa daga László Bíró, ɗan jaridar ƙasar Hungary da ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. Tawadarsa mai kauri ce da aka haɗa da mai, tana daɗewa, ba ta ratsa takarda. Shi ya fi dacewa da ɗalibin da ke kwafar darasi kullum, ko malamin da ke duba littattafai tuli.

Na biyu ma ƙwallo ne a bakinsa, sai dai tawadarsa mai ruwa ce. Yana sulɓi, ba sai an danna ba, hannu ba ya saurin gajiya. Amma tawadar na saurin ƙarewa, kuma takan fito ta bayan takarda maras kauri irin ta littattafanmu na rubutu.

Na uku shi ne mai shan tawada, mai tsagaggen bakin ƙarfe. Ya fi su fitar da kyan rubutu, ya kuma fi su buƙatar kula: a wanke shi, a rufe shi, a nemo masa tawadar kwalba. Tawadarsa ba ta bushewa nan take. Bahago zai riƙa shafe abin da ya rubuta, haka ma mai rubutun Larabci ko ajami da hannun dama, domin hannunsa na bin kan rubutun. Kada a gwada shi a karon farko a zauren jarrabawar WAEC ko NECO.

Akwai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: idan tawada ta ƙare, ina za a sami bututun canji? Yawancin irin waɗannan alƙaluma suna karɓar bututu samfurin Parker ko na Cross, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Ku sa mai sayarwa ya kwance shi a gabanku, ku tabbatar ana samun irinsa a garinku. In ba haka ba, bayan 'yan watanni ya zama kayan ado.

Sai itace. Baƙin katako dangin kanya yana da nauyi da sheƙi, amma yakan tsage idan iska ta bushe sosai, ga shi hunturunmu ba ya wasa. Maɗaci ja-ja ne, nauyinsa matsakaici, yana jure riƙo. Darbejiya 'yar dangin maɗaci ce, kuma tana ko'ina. Zaitun, wanda ake kawowa daga ƙasashen Bahar Rum, yana da zane mai ban sha'awa, sai dai tsada. Gora ba ta da nauyi, ta dace da mai dogon rubutu. Ko wanne ne, ku tambaya ko katakon ya bushe kafin a sassaƙa shi, domin ɗanye yana motsewa ya dare a kan bututun. Ku riƙe shi, ku rubuta layi biyar. Hannunku zai gaya muku gaskiya.

Itace ɗaya ne za mu ja kunne a kansa, wato madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke kira madrid. An sare ta ba ƙaƙƙautawa ana kaiwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta buƙaci a dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Alƙalami ɗan guntu yake buƙata, ragowar aikin kafinta ma ta isa. Ku tambayi masassaƙi inda ya samo katakonsa, kuma ku fifita wanda ke aiki da guntaye ko tsohon katako.

Idan kun saya, kada ku bar shi a rana ko cikin ruwa, ku riƙa goge shi da ƙyalle mai laushi. In kyauta ce, ku haɗa da bututun tawada guda biyu, malam zai daɗe yana sa muku albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.