Filin Ilmi da Rayuwa: Magani Cikin Ƙullin da Ido Ba Ya Gani

A wannan wata za mu duba wani fannin binciken likitanci wanda sunansa ya shigo mana ta baibai. Tun lokacin annobar korona kalmar "nano" ke yawo a zangunanmu, ana cewa wai wata na'ura ce ake cusawa cikin allurar rigakafi don a riƙa bin sawun mutum. Har yau akwai iyayen da kan noƙe idan aka ce a kai yara rigakafi saboda wannan magana. To, kalmar dai akwai ta, kuma lalle akwai abin da ake kira haka a cikin wasu allurai. Amma galibinsa ɗigon kitse ne, ba shi da batir balle eriya.

Nano ma'auni ne kawai. A ɗauki mita guda a raba ta gida miliyan dubu, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai kimanin nanomita 80,000, farcen mutum kuwa yakan ƙaru da kimanin nanomita 1 a kowace daƙiƙa. 'Yan ajina kan tsura wa farcensu ido idan na faɗi haka, ko za su ga yana motsi.

Me ya kai masana ga wannan ƙanƙanta? Dalili shi ne magani bai san hanya ba. Idan an ɗura shi a jijiya, jini zai kai shi ko'ina, wajen ciwo da wajen lafiya. Alal misali, akwai maganin ciwon daji mai suna doksorubisin. Yana kashe ƙwayoyin cutar ƙwarai, amma yana raunana zuciya, har ma likitoci sun yanka iyakar abin da za a ba mutum a duk tsawon rayuwarsa. Saboda haka aka shiga neman yadda za a ƙulle magani kada ya kwance sai ya isa inda aka aike shi.

A shekarun 1960 wani masani mai suna Alec Bangham, a cibiyar bincike ta Babraham kusa da Kambirij a Ingila, ya lura cewa idan aka zuba wani irin kitse a ruwa yakan naɗe kansa ya zama 'yan jakunkuna rufaffu da ruwa a cikinsu, kamar yadda mai koko ke ƙulla koko a leda. Sunansu lifosom. Sai da aka shafe shekara talatin kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Doxil a 1995, wato doksorubisin ɗin nan a cikin jakunkuna masu faɗin kimanin nanomita 100. An yi musu wani shafe a baya don kada hanta da saifa su yi saurin cafke su. Tun 1986 Hiroshi Maeda da abokin aikinsa a Japan sun nuna cewa jijiyoyin da ke ciyar da ƙari suna da 'yan kafofi, don haka jakunkunan kan zurare ta nan su taru. Illar zuciya ta ragu. Sai dai wata ta ɓullo, domin wasu majinyata tafin hannunsu da na ƙafa kan yi ja su kumbura.

A nan ne nake ganin 'yan jarida kan wuce gona da iri, suna kiran abin harsashi mai ido. A 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta tattara sakamakon gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan ɓeraye, ta gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na abin da aka ɗura ke isa ga ƙarin. Wato jaka 7 cikin 1,000. Sauran yawancinsu hanta da saifa ne ke kwashewa. Masana sun yi ta muhawara a kan yadda aka yi lissafin, amma ya tilasta wa da yawa komawa allo.

Inda dabarar ta fi amfanar Afirka ba ma a ciwon daji ba ne. Akwai wani tsohon magani, amfoterisin, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1950, mai ƙarfi amma mai lalata ƙoda. Da aka ƙulle shi a lifosom aka sa masa suna AmBisome, sai cutarwarsa ta ragu sosai. Yana cikin magungunan kala-azar, cutar da wani ƙaramin ƙuda ke yaɗawa, wadda ta daɗe tana addabar jihar Gadarif a Sudan inda 'yan'uwanmu Hausawa ke da ƙauyuka. Haka kuma a 2022 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Botswana, Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe a kan majinyata sama da 800 masu wani irin sanƙarau da ke kama masu cutar ƙanjamau. An ga cewa ɗurin AmBisome sau ɗaya tak, haɗe da ƙwayoyin sha na mako biyu, ya yi aikin da ɗurin kwana bakwai na tsohon maganin ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan tsari a shekarar. Duk da haka kusan mutum 1 cikin 4 ya rasu. Ga kuma sharaɗin ajiye kwalbar a inda zafi bai wuce digiri 25 ba. Wanda ya san watan Maris a Tamale ko Bawku ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Yanzu hankalin masu bincike ya karkata ga garkuwar jiki, wato a bar kai guba, a kai wa sojojin jiki saƙo su yi yaƙin da kansu. Saƙon shi ake kira mRNA. Katalin Kariko da Drew Weissman sun sami kyautar Nobel a 2023 saboda gano yadda za a gyara shi jiki ya karɓa. Amma wannan saƙo ba ya jure jini, nan da nan yake wargajewa, dole sai da ambulan. Ambulan ɗin shi ne ɗigon kitse wanda Pieter Cullis da abokan aikinsa suka daɗe suna gyarawa a Bankuba ta Kanada. Shi ke cikin alluran korona na Pfizer da Moderna na 2020. Kitse iri huɗu ne, ɗaya daga ciki kolestarol, irin wanda ke jikin kowa. Idan ya sauke saƙo jiki ya narkar da shi.

Da irin wannan ambulan ake gwada allurar da ake haɗa wa kowane mai ciwon daji tasa daban, bisa alamomin ƙarinsa. A ƙarshen 2022 kamfanonin Moderna da Merck sun bayyana cewa a gwajin mutum 157 masu ciwon dajin fata, haɗa allurar da maganin Keytruda ya rage haɗarin dawowar cutar ko mutuwa da kashi 44 cikin 100. Labari ne mai daɗi, sai dai gwajin ƙarami ne, kuma wannan ciwo ya fi kama farar fata. Mu abin da ke cinmu shi ne na nono, na bakin mahaifa, na hanta da na mafitsarar maza. Batun kuɗi kuwa, maganin Kymriah da ya fito a 2017, wanda ake ciro ƙwayoyin garkuwar majinyaci a horar da su a mayar, dala 475,000 aka sa masa. Shi ya sa na fi sa ido a kan gwajin da masanan Jami'ar Pensilbeniya suka buga a 2022, inda suka horar da ƙwayoyin a cikin jikin ɓera ta hanyar allurar ɗigon kitse, ba tare da an ciro komai ba. In hakan ta tabbata a jikin mutum, kuɗin zai iya sauka.

Mu dawo gida. Tun 2019 Gana, tare da Kenya da Malawi, ta fara yi wa yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S, kuma abin da ke zaburar da garkuwar jiki a cikinsa lifosom ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutuwar yaran da suka isa karɓar allurar ta ragu da kashi 13 cikin 100 a yankunan da aka yi aikin. A watan Afrilu na 2023 kuma Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da na biyun, R21, wanda Jami'ar Oksfod ta ƙirƙira. Shi ma yana ɗauke da 'yan ƙulle-ƙulle masu suna Matrix-M, kimanin nanomita 40, da aka yi da sinadarin ɓawon wata bishiya ta ƙasar Cile. Allurar sau huɗu ake yi, ana farawa yaro yana da wata 6, ta huɗun kuwa sai a shekararsa ta biyu, kuma ita ce aka fi mantawa. Iyaye mata su duba katin awo. Ba ta kuma maye gurbin gidan sauro.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.